Sauya Rediyon Tarakta: Darasi Kan Zagayen Wutar Lantarki

Direban tarakta yakan wuni a gona shi kaɗai, rediyo ce abokiyar hirarsa. Idan ta lalace, sauya ta aiki ne mai sauƙi, amma kuskure ɗaya yana iya ƙone sabuwar, ko ya kashe batir ana tsakiyar huɗa. Sirrin aikin ƙa'ida ɗaya ce: wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita daga batir ta kuma sami hanyar komawa.

Yawancin taraktoci suna amfani da batir mai bolt 12. Wuta tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya zuwa rediyo, sannan ta koma ta ƙarfen jikin tarakta, domin kan mai alamar ɗebewa da shi yake haɗe. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara kwance kan ɗebewa kafin a taɓa komai. Idan aka bar shi, sifana ta haɗa kan tarawa da jikin tarakta, wuta mai yawa za ta ratsa ta nan take, da tartsatsi da ƙuna. Sai dai a lura, wasu tsofaffin taraktoci, irin su Ford 8N da aka ƙera daga 1947 zuwa 1952, bolt 6 gare su, kuma kan tarawa ne haɗe da jiki. Rediyon zamani ba ta dace da wannan tsari ba.

Wayoyin wuta uku ne a bayan yawancin sababbin rediyoyi. Rawaya tana buƙatar wuta dare da rana, don kada rediyo ta manta tashoshin da aka ajiye. Ja kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa ita ce hanyar komawa. Ana ɗaure ta da ƙarfen jiki bayan an kankare fenti da tsatsa. Idan aka musanya rawaya da ja, rediyo za ta riƙa manta tashoshi. Idan kuma aka haɗa su duka da batir kai tsaye, mantuwar dare ɗaya tana iya zuƙe shi. Launin wayoyin tarakta yakan saɓa da na rediyo, saboda haka da mita ake tantance su, bayan an mayar da kan batir na ɗan lokaci.

Fis shi ne mai gadi. Siririn ƙarfe ne da yake narkewa idan wuta ta wuce ƙima, yawanci amfiya 10 ga rediyo, kuma kusa da batir ake sa shi. Maye gurbinsa da guntuwar waya gayyatar gobara ce. Tun da jijjiga da ƙura sun yi yawa a gona, a liƙe kowace mahaɗa da dalma, a naɗe ta sosai.

Aiki ga ɗalibai: ƙarfin wuta shi ne bolt sau amfiya. Rediyon da take jan amfiya 5 daga batir mai bolt 12, wat nawa take ci?