Yadda Ake Zaɓen Madubin Hangen Nesa Don Farauta a Duwatsun Kagoro

A jihohin Idaho da Montana na Amurka, idan ƙanƙara ta fara narkewa a watannin Afrilu da Mayu, dabbar beyar takan fito daga ramin da ta kwana duk hunturu, ta bi gangaren duwatsu tana neman sabuwar ciyawa. Maharbin da ya fita nemanta yakan zauna a kan tudu ya daɗe, bindiga a ajiye, madubin hangen nesa a ido, domin doka ta hana harbin uwa mai tafe da 'ya'ya. Dajinmu ba shi da beyar, amma buƙatar iri ɗaya ce. Wanda ya hau duwatsun Kagoro, ko ya bi kurmin bakin rafi ta wajen Matsirga yana neman rema ko gada ko fakara, ya san yadda inuwar ganye ke ruɗin ido. Motsi a cikin gamba yana iya zama gada, ko akuyar wani, ko mace mai ɗiban itace. Madubi ne zai raba gardama kafin yatsa ya kai ga kunama, kuma da wannan niyyar ya kamata a saye shi.

Fara da lambobi biyun da ke rubuce a jikinsa, kamar 8x42 ko 10x50. Ta farko tana gaya maka sau nawa yake jawo abu kusa. Da madubi mai 8, gadar da ke nisan mita 400 za ta zamo kamar tana mita 50 da kai. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita, kuma ta nan haske ke shiga.

A nan yawancin masu saye ke tafka asara, don ido yakan tafi ga babbar lamba. Za a nuna maka ɗan ƙarami da ba ya cika tafin hannu, an rubuta masa 60x60, a ce har gari na gaba yake nunawa. Ƙarya ce aka buga a jikin roba. Ko da lambar gaskiya ce, madubi yana ƙara girman rawar hannunka daidai yadda yake ƙara girman dabba, kuma duk abin da ya wuce 10 ba ya tsayuwa a hannun wanda ya hau dutse yana haki, sai an ɗora shi a kan ƙafafu uku. Ga kuma yanayinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu kuma mafarauta ke fita sosai, hazo ne ke rufe sama, babban madubi kuwa ƙura kawai zai jawo maka. Da bazara, kawalwalniyar da ke tashi daga dutse mai zafi ita ke karkaɗa hoton. Ni a ganina 8 ta wadatar da mai shiga kurmi, domin filin da take nunawa ya fi faɗi, kusan mita 130 a nisan mita 1,000, don haka dabbar da ta zabura ba ta saurin ɓace maka. Mai zama a kan fa yana duban kwari daga nesa, shi ya dace da 10.

Sai lissafin haske, wanda ya fi komai muhimmanci, tunda naman daji da asuba da almuru yake fita. Raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba da 8 ya ba da milimita 5 da 'yan kai. 25 a raba da 10 ya ba da 2 da rabi. Wannan shi ne kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Baƙin tsakiyar idon mutum yakan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da rana, ya buɗe har kusan 7 a duhu ga matashi, ga dattijo kuwa wajen 5. Shi ya sa ɗan madubin aljihu mai 10x25 yake burge mai saye da tsakar rana a bakin shago, amma da magariba a gindin ɗorawa ba ya nuna komai sai duhu. Kada ka sayi wanda lissafinsa ya gaza 4. Idan za ka iya, ka je gwaji da la'asar sakaliya, ka leƙa cikin inuwa da shi.

Yanzu riƙe shi nesa da fuskarka, ka fuskanci sarari (ban da rana, kallon rana da madubi yana makantarwa), ka dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido. In ya fito zagayayye tas, gilashin ciki mai kyau ne, irin wanda ake rubuta wa BaK-4. In gefensa ya yi kusurwa-kusurwa da duhu, mai araha ne, yana cinye haske. Juya ka dubi gilashin gaba. Shafin gilashi mai kyau yakan ba da ɗan ƙyallin kore ko shuɗi maras ƙarfi. Wanda ke walƙiya ja wur, ado ne, rage haske yake yi, ya kuma ɓata launi.

Ƙira iri biyu ce. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido tazara, fasahar wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, da ya yi wa rajista a 1854, kamfanin Zeiss na Jamus kuma ya fara sayar da irinsa a 1894. Akwai miƙaƙƙe siriri na zamani. Idan kuɗinka kaɗan ne, mai kafaɗa ya fi ba da hoto mai kyau a kan farashi ɗaya. Miƙaƙƙen ya fi jure bugu da ruwa. Sunan Nikon ko Bushnell a jiki ba hujja ba ce, jabu sun yi yawa.

Daga nan sai saiti da idonka. Lanƙwasa shi har da'irori biyu su haɗe su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murɗa ƙawanyar tsakiya har abin da kake kallo ya fito rangaɗau a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka murɗa ƙaramar ƙawanyar da ke gilashin idon dama ita kaɗai. Mai sa tabarau ya naɗe robar bakin ya ga ko yana ganin filin duka. Bayan haka nemi abu miƙaƙƙe, wayar lantarki ko bakin kwanon wani gida, ka janye madubin a hankali daga idonka. Idan layin ya karye, ɓari ɗaya ya fi ɗaya tudu, madubin ya taɓa faɗuwa, kuma ciwon kai zai sa maka. Wannan gwajin wajibi ne ga mai sayen na hannu. Mayar wa mai shi, ko nawa ya rage.

Madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga, ina ba da shawara a bar shi. Adaka da bindigar toka ba sa cin nisan da zai buƙace shi, kuma duk wanda ya leƙa ta cikinsa don ya gane abu, ya riga ya auna abin da bakin bindiga.

Abu biyu suka rage. Na farko, Kudancin Kaduna ya sha fama da rashin tsaro, mutum a kan dutse da madubi yana iya jawo zargi, don haka ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri kafin ka hau. Gandun dajin Nindam kuwa, wanda ƙungiyar BirdLife International ta lissafa cikin muhimman matattarar tsuntsaye, wurin kallo ne, a shiga da madubi a bar bindiga a gida. Na biyu damina ce. Ruwa a nan yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, laima kuma tana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, in ta ci shafin babu gyara. Nemi wanda aka toshe aka cika da iskar naitirojin. In ka dawo daga daji, hure ƙurar tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hazo tana kartar gilashi. Kada ka kulle shi a jaka yana da danshi. Bar shi ya sha iska, sannan ka ajiye shi tare da 'yan ƙunshin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.