Kafin ka yarda da "mu ne na ɗaya": yadda ake karanta alƙaluman masu sauraron shirin safe

Shirin safe shi ke ciyar da gidan rediyo. A Amurka ana lissafa shi daga ƙarfe 6 zuwa 10, Litinin zuwa Juma'a, lokacin da ma'aikata ke kan hanya, kuma tallarsa tana cikin mafi tsada. Tashoshin da ke magana da Sifaniyanci a can, masu hidimar baƙi daga Mekziko da Kudancin Amurka da zuri'arsu, sun sha wuya a kan tambaya guda: mutum nawa ke sauraro, kuma wa ya ƙirga su? Abin da ya same su ya isa ya zama jagora ga mai gabatarwa, da shugaban tasha, da ɗan kasuwar da zai biya kuɗin talla.

Duk wanda ya nuna maka alƙaluma, fara tambayarsa yadda aka yi ƙidayar. Shekaru da dama kamfanin Arbitron yana raba ɗan littafi ga zaɓaɓɓun gidaje, kowa ya rubuta tashar da ya saurara har kwana 7, daga Alhamis zuwa Laraba. A zamanin littafin ne tashar KLAX ta Los Angeles, mai kiɗan banda na Mekziko, ta hau kan duk tashoshin birnin a ƙarshen 1992, kuma shirin El Vacilón de la Mañana na Luis Jiménez a New York ya taɓa wuce na Howard Stern, shahararren mai gabatarwa da Turanci. Farin jininsu na gaskiya ne. Sai dai littafi abin da mutum ya tuna yake ɗauka, kuma mai ƙaunar shiri yakan rubuta awa 4 cur, alhali ya tashi ya kai yara makaranta a tsakani.

A 2007 kamfanin ya fito da wata 'yar na'ura mai suna PPM, wadda mutum ke yawo da ita a jikinsa tana kama wani ɓoyayyen sauti da tasha ke cusawa cikin shirinta, kunne ba ya jin sa. An fara da Philadelphia da Houston, a 2008 aka kai New York da Los Angeles. Nan take matsayin tashoshin Sifaniyanci da na baƙar fata da yawa ya faɗi. Na'urar tana rubuta duk rediyon da ke kunne kusa da mutum, a kanti ko a ofis, saboda haka tashoshin kiɗan Turanci da ake kunnawa a wuraren jama'a suka samu ƙari, dogon zaman da masoya ke rubutawa kuma ya ragu. Masu sauraro ba su je ko'ina ba, mudun ne aka canza. Don haka kada ka taɓa kwatanta alƙaluman da aka samu ta hanyoyi biyu daban, ka ce shiri ya ci gaba ko ya mutu.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi a wurina: su wa aka ƙirga? Masu tashoshin sun yi ƙorafin cewa an bar mutanensu a waje, musamman matasa, da waɗanda Sifaniyanci ne harshen gidansu, da gidajen da ba su da wayar girke sai salula. A Oktoban 2008 Antoni Janar na jihar New York, Andrew Cuomo, ya kai Arbitron kotu a kan haka, aka sasanta a Janairun 2009 bisa alkawarin ƙara gidajen masu salula kaɗai. Ka tuna kuma cewa 'yan dubban na'urori ne ke wakiltar miliyoyin mutanen babban birni. Idan ka ware masu Sifaniyanci daga ciki, ka sake ware 'yan shekara 18 zuwa 34, abin da ya rage kaɗan ne, har gida ɗaya mai mutum 5 yana iya ɗaga shiri ko ya kayar da shi. Ka haɗa wata 3 a jere kafin ka yanke hukunci. Zalunci ne a sallami mai gabatarwa saboda rahoton wata guda.

Sannan ka bambanta alƙaluman. Akwai adadin duk wanda ya leƙo tasha cikin mako, akwai matsakaicin masu sauraro a kowane kwata na awa, akwai kuma kason tasha cikin waɗanda rediyonsu ke kunne. "Na ɗaya" a wanne, kuma a wane rukunin shekaru? Masu talla sun fi duba 'yan 25 zuwa 54.

Ga mai gabatarwa, lissafin kwata ɗin shi ne abin riƙewa. A da sai mutum ya yi minti 5 cikin kwata ake rubuta wa tasha shi. Kamfanin Nielsen, wanda ya sayi Arbitron a 2013, ya mayar da shi minti 3 a biranen da ake amfani da na'urar daga 2025. Abin da ke ɗaga alƙaluma shi ne mutum ya dawo sau da yawa. Ka sa kowane sashe a lokacinsa da ba ya gocewa, ka faɗa wa mai sauraro cewa da ƙarfe 7:20 lauya zai amsa tambayoyi, kuma ka cika. Ka shiga magana kai tsaye, domin gaisuwar minti 10 tana korar wanda ke da minti 15 kacal a mota. Amma kada tsoron na'ura ya sa ka yanke hirar da ta sa ake son ka.

Hirar nan ce ke gina amana. A Maris 2006, masu gabatarwa a rediyon Sifaniyanci Eddie "Piolín" Sotelo da Renán Almendárez Coello, wanda ake kira El Cucuy, da sauran abokan hamayyarsu sun haɗa baki suka kira jama'a zanga-zangar lumana ta ranar 25 ga wata a kan wani ƙudurin doka mai tsananta wa baƙi. Sun ce a sa fararen riguna, a riƙe tutar Amurka. 'Yan sanda sun ƙiyasta mutum 500,000 a titunan Los Angeles. Ɗan kasuwa mai lura zai biya ƙari don mai gabatarwa irin wannan ya karanta tallarsa da bakinsa.

Inda babu irin wannan na'ura, kada ka ɗauki yawan masu bugo waya a matsayin ƙidaya, domin sau tari mutane kaɗan ne ke ta maimaita kira. Ka zaɓi unguwanni daban-daban, na masu hali da na talakawa, ka tura masu tambaya da ba sa sanye da rigar tasharka, da mata a cikinsu don su shiga gidaje. Kada a ce "kana sauraron tasharmu?", domin kunya za ta sa a ce e. A tambaya: jiya da safe wace tasha ka kunna, da ƙarfe nawa, wa ke magana? A maimaita bayan wata 3, da tambayoyin nan kuma a unguwannin nan.