Haƙƙin Dabba a Kan Mai Yanka

Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta cin naman bisashe, amma bai halatta azabtar da su ba. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imamu Nawawi, ruwayar Shaddadu ɗan Ausu, ya hori mai yanka da ya wasa wuƙarsa, ya sauƙaƙa wa abin yankan. Don haka malamai suka karhanta wasa wuƙa a gaban dabba, da yanka wata tana kallo, da soma fiɗa tun rai bai gama fita ba. Mahaucin da ya ja rago da ƙafa har mayanka, naman dai halal ne, amma alhakin ragon yana wuyansa. Allah ya kiyaye, amin.