Darasi na Bakwai: Dafawa da Turarawa, Misalin Taliyar Shinkafa

7.1 Gabatarwa

Hausawa sun bambanta dafawa da turarawa. Abin da aka dafa a cikin ruwa yake nuna, wanda aka turara kuwa tururi ne ke nunar da shi, kamar dambu da alkubus. Idan malami bai fayyace wannan bambanci ba, ɗalibansa za su tashi suna kiran kowane girki dafuwa, sauran kalmomin su salwanta.

7.2 Taliyar Shinkafa

Taliyar da mata ke murzawa a gidajen Funtuwa da Malumfashi ta alkama ce, domin garin alkama yana da danƙo. Garin shinkafa ba shi da danƙon, don haka ba ya murzuwa. Mutanen kudancin ƙasar Sin sun warware wannan matsala ta hanyar turarawa, kuma kayan aikin duk muna da su:

1. A jiƙa shinkafa ta kwana, a markaɗa ta da laushi.
2. A zuba sitacin rogo kaɗan, a dama ƙullun ruwa-ruwa.
3. A shafa wa faranti mai, a zuba ƙullun siriri.
4. A ɗora a madambaci, a rufe, ya turaru kamar minti uku.
5. In ya huce, a ɓamɓare, a yayyanka zara-zara.

7.3 Aiki

(a) Fito da aikatau biyar daga matakan nan, ka bayyana ma'anarsu.
(b) Wane aiki "a" ke yi a farkon jimlolin?
(c) Rubuta matakan yin dambun masara bisa wannan tsari.