IDAN AKA DANƘA MAKA AIKIN GININ MASALLACI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani cewa kuɗin da jama'a suka tara domin ginin masallaci ko makarantar Islamiyya amana ce a wuyanka, kuma za a tambaye ka ranar Alƙiyama.

Dubi Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira. Da Salmanul Farisi (R.A.) ya kawo shawarar a haƙa rami don kare Madina, Manzon Allah (S.A.W.) bai ce kowa ya haƙa inda ya ga dama ba. Aunawa ya yi, ya ba kowane mutum 10 kamu 40, shi ma yana kwasar ƙasa tare da su.

To, kai fa? Tun kafin a sa harsashin gini, ku yi jinga da birkila da kafinta, a rubuta gaban shaidu. Buhun siminti nawa ya shigo, bulo nawa ya fitar, duk a rubuta. Wai a ƙara yashi don kuɗi su isa? Subhanallahi! Wannan ha'inci ne, musulmi ne fa za su yi sahu cikin ginin nan. Lebura kuwa a biya shi ranar da aka yi alkawari, kada a ce masa ai aikin Allah ne.