Tufafin Mai Ban Ruwa a Kwanakin Hunturu

Idan kaka ta wuce, aka kai gero da dawa rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa da hazonta, galibin mutanen birni sukan ɗauka manomi ya sami hutu, alhali kuwa a wuraren da Allah Ya hore wa ruwan madatsa ko na fadama, a wannan lokaci ne aiki yake komawa sabo, kuma a cikinsa ne jikin manomi yake gamuwa da wata wahala wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba. Ni malamin gona ne, kuma mafi yawan aikina na yi shi ne a filayen noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Abin da zan faɗa a kan tufafin sanyi, a bakin magudanan ruwa na koye shi, ina kallon abin da mutane suke sawa da abin da yake biyo baya.

Wajibi ne mu fara fahimtar irin sanyin da muke magana a kansa, domin wanda bai san halin abokin gabarsa ba, ba zai yi masa shirin da ya dace ba. Iskar nan tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura wadda mai yawa daga cikinta ta fito daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta iso mana a bushe, laimar da ke cikinta kaɗan ce ƙwarai. Kuma saboda wannan bushewa, ƙasa takan saki ɗumin da ta tara da rana nan da nan idan dare ya yi. Shi ya sa a Disamba da Janairu za ka ga ma'aunin zafi a ƙasar Kano ya sauka kusa da digiri 12 da asuba, wata rana ma ƙasa da haka, sa'an nan kafin azahar ya haura zuwa kusa da 30. Mutum ɗaya, a gona ɗaya, a wuni ɗaya, yana ratsa yanayi biyu. Ga shi kuma aikin ba ya jiran hantsi: alkama ana shuka ta ne wajen tsakiyar Nuwamba domin sanyin take so, wanda gonarsa take can ƙarshen magudana sau da yawa ruwa ba ya isa gare shi sai cikin dare, mai tumatir kuwa yana so kwandunansa su riski kasuwar Kwanar Gafan tun rana ba ta ɗaga ba.

To, kuskuren da na fi gani, kuma wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne dogaro ga riga guda ɗaya mai kauri. Saurayi zai tara kuɗinsa ya sayi ƙatuwar jaket mai nauyi, ya ɗora ta a kan singileti, ya fita da asuba yana jin ya gama da sanyi. Da ya kama fartanya ya fara buɗe wa fangali ruwa yana toshe wani, sai gumi ya karyo masa, singiletin ta jiƙe sharkaf. Zafi ya dame shi, ya tuɓe jaket ɗin ya yar a kan kunya. Iska kuma ta samu jiƙaƙƙen jiki ta hura. Kowa ya san yadda ruwan randa yake yin sanyi, wato iska tana busar da laimar da ta tsatso ta jikin randar, tana tafiya da zafin da ke ciki. Haka nan jiƙaƙƙiyar riga take yi wa mai ita. Masana sun auna sun ga ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska har kusan sau 25. Ashe dai wanda ya jiƙe a digiri 15 yana cikin haɗarin da ya fi na wanda yake a bushe a digiri 10, kuma mai ban ruwa jiƙewa tana zo masa ta fuska biyu, ta waje daga ruwan gona, ta ciki daga guminsa.

Maganin wannan shi ne a sa tufafi marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, yadda za a iya rage su da kaɗan kaɗan gwargwadon yadda rana take ɗagawa da yadda aiki yake ɗumama jiki. Hikimar abin ita ce, ba zaren ne yake ɗumama mutum ba, jikinsa ne yake haifar da ɗumi, tufa kuwa aikinta ta tsare iskar da ta ɗumama kada ta gudu; kuma tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta akwai iska a tsare, saboda haka riguna uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyinsu duka. Ta cikin, mai taɓa fata, a nemi wadda ba ta riƙe gumi, irin rigunan 'yan ƙwallo masu dogon hannu da suka cika kasuwa, domin suna bushewa da sauri. Ta tsakiya ita ce suwaita, kuma a nan ne ya kamata mutum ya kashe kuɗinsa. Ta waje ba a bukatar ta yi kauri, abin da ake nema gare ta kawai ta tare iska, ta kasance mai zif ko maɓalli a gaba, yadda za a buɗe ta idan gumi ya fara, tun kafin a jiƙe. Lokacin rage riga shi ne lokacin da mutum ya fara jin ɗumi, kuma lokacin mayar da ita shi ne da zarar ya ajiye fartanya zai huta, tun jikinsa bai huce ba.

Ba na son a fahimce ni da cewa ina raina auduga, wadda ita ce suturarmu tun kaka da kakanni, kuma gwado da luru na saƙar hannu har yau ba su da na biyu ga mai kwana a bukkar gadi, matuƙar suna a bushe. Illarta guda ce, amma babba ce ga mai aikin ruwa: tana shan laima ta riƙe, kuma da ta jiƙe ɗuminta ya tafi. Wandon jins ma auduga ne, kuma idan ƙafarsa ta tsoma cikin ruwa da asuba, har hantsi yana manne da ƙwauri yana zuƙe ɗumi. Ulu kuwa, wato gashin tumaki, yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ko ya ɗan jiƙe yana ci gaba da riƙe ɗumi. Lalle ba banza ba Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nahli, ya lissafa ɗumin da ake samu daga dabbobin ni'ima a cikin falalar Ubangiji ga bayinSa. A wajen 'yan gwanjo, kamar na Ƙofar Wambai a Kano, ana samun suwaitar ulu ta gaske a gauraye da ta zaren roba, farashinsu kusan ɗaya, domin mai sayarwa kansa ba kullum yake bambance su ba. Wanda ya iya karatun boko ya duba 'yar takardar da ke wuyan rigar. Wanda bai iya ba, ya nemi izinin mai kaya ya zare ɗan silin zare daga ciki ya kusanta shi da ashana: ulu yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murtsukewa, auduga tana ci kamar takarda, zaren roba kuwa yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

Wannan narkewa ba ƙaramin al'amari ba ce, domin al'adarmu ce idan sanyi ya tsananta a haɗa kara a hura wuta a bakin gona a kewaye ta. Rigar roba idan tartsatsi ya kama ta, narkewa take yi ta manne da fata, kuma ƙunarta ta fi ta auduga muni nesa ba kusa ba. Wanda rigarsa ta waje ta roba ce, ya tuɓe ta kafin ya matsa jin ɗumi, ko kuwa ya tsaya nesa. Haka kuma mayafi da bargo da jelar rawani, da duk abin da yake reto, ba kayan aiki ba ne a kusa da injin casa ko duk wani inji mai bel, ko a bayan babur. Inji idan ya cafki bakin mayafi ba ya saki sai ya jawo mai shi. Kai da kunne a rufe su da hular sanyi ta saƙa wadda ta kama kai, ko haɓar kada irin ta iyayenmu, wadda masu ɗinkinta tun da can suka yi mata kunnuwa saboda wannan bukata. Hanci da baki kuma a ɗaure su da ƙyalle gajere a cusa bakinsa cikin riga, saboda ƙurar hunturu tana tayar da asma da tari, tana busar da maƙogwaro.

Sai batun ƙafa, wadda ita ce ta fi kowace gaɓa wahala, ita ce kuma aka fi yi wa rowa. Dogon takalmin roba shi ne farkon abin da nake cewa a saya, tun kafin jaket. Fa'idarsa ba ta tsaya ga sanyi ba: a cikin ruwan magudana mai tafiya a hankali akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda take huda fata ta shiga jiki, daga baya a ga yaro yana fitsarin jini ana neman dalili. Amma roba kanta ba ta da ɗumi, kuma tana tara gumi, don haka a sayi takalmin da ya ɗan fi ƙafa girma yadda safa mai kauri za ta shiga ba tare da matsi ba, domin matsattsen takalmi yana hana jini gudana, ƙafa ta ƙara sanyi. A riƙe safa ta biyu a cikin leda a aljihu, a canja idan ta farko ta jiƙe. Da an dawo gida a wanke ƙafa a tsane tsakanin yatsu saboda cin ruwa, a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya saboda faso, a kife takalmin ya bushe, da safe kuma a kakkaɓe shi kafin a sa, gudun kunama.

Akwai wani abu da yake tayar mini da hankali duk lokacin da na gan shi, wato mutum ya goya tankin feshi a kan suwaitarsa. Tanki yakan yi yoyo, iska takan dawo da feshin, suwaita kuwa tana shanye maganin ta riƙe shi. Sa'an nan da wannan suwaitar zai ci abinci, ya ɗauki ɗansa, ya kwana a cikinta, guba tana ratsa fatarsa dare da rana. Kayan feshi a ware su daban, a sa safar hannu ta roba, ba ta ƙyalle ko ta fata ba, a wanke su su kaɗai, kada a haɗa da wankin iyali.

Ya kamata kuma kowane mai gona ya san alamomin da suke nuna sanyi ya wuce na jin jiki ya zama cuta. Zafin jikin ɗan Adam yana wajen digiri 37 ne, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Farkonsa karkarwa ce mai tsanani, sai hannu ya kasa riƙe fartanya, sai magana ta fara sarƙewa, mutum ya yi ta tuntuɓe yana jin barci. Idan kuwa karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, to abin ya ƙara muni ne. A fitar da shi daga iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai da busassu, a fara ɗumama ƙirji da ciki, kada a murza masa hannu da ƙafa ko a manna shi da wuta. In yana cikin hayyacinsa a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari, in kuwa hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Samarin da suke haɗiyar ƙwaya wai don su jure wa ruwan dare su sani, ƙwaya jin sanyin kawai take ɗaukewa, ɗumin jiki kuwa yana ci gaba da zuba. Kuma wanda ya koma bukka ko ɗaki, kada ya rufe ƙofa da taga a kan kaskon gawayi, domin hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci.

Ina da magana ta musamman ga iyayen gida masu ɗaukar 'yan ƙwadago, da masu tura yara ban ruwa ko kiwo da sassafe. Yaro yana rasa ɗumi da sauri fiye da babba saboda ƙanƙantar jikinsa, tsoho kuma jikinsa ba ya saurin mayar da abin da ya rasa, kuma dukansu biyu kunya takan hana su cewa sun gaji. Sau da yawa nakan ga Alhaji a cikin jaket da safa yana tsaye a kan kunya, almajirin da ya ɗauko kuwa yana cikin ruwa har gwiwa da 'yar shara guda. Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma wanda ka ɗauka aiki amana ne a hannunka har ya bar gonarka. Takalman roba biyu ko uku da za a ajiye a gona domin duk wanda zai shiga ruwa, kuɗinsu bai kai na buhun taki ɗaya ba, kuma suna yin shekaru idan ana ɓoye su daga rana.

Lokacin saye kuwa shi ne da kaka, sa'ad da aka sayar da amfanin damina kuɗi yana hannu, kafin hazo ya sauko 'yan gwanjo su ɗaga farashi. A gwada rigar waje a kan suwaita tun a kasuwa, a ɗaga hannu sama, a sunkuya kamar mai buɗe fangali, a ga ko tana sakin kafaɗa, ko kuma bayanta yana rufe ƙugu. A duba zif da hammata da bakin hannu. Idan an kai gida a wanke da sabulu a shanya a rana kafin a sa, ulu kuwa da ruwan sanyi ake wanke shi, a shimfiɗa shi a kan tabarma ya bushe, domin ruwan zafi yana sa shi ya tsuke, rataya kuma tana sa shi ya miƙe.