Darasi na 14: Ɗan Wasa Mai Ƙungiyoyi Biyar

Ya kai ɗalibi, a wannan darasi za ka karanta tarihin Dale Kickett, wani ɗan wasan ƙwallo na ƙasar Ostareliya. Ka lura da yadda aka jera shekaru, domin za a tambaye ka a kansu.

Da farko, ka sani cewa ƙwallon Ostareliya ya bambanta da wanda ka saba gani. Filin wasan da ƙwallon kansa duka siffar ƙwai gare su. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a fili, kuma an yarda su kama ƙwallo da hannu. A kowane ƙarshen fili akwai turaku 4. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ya ratsa tsakanin na tsakiya biyu ya sami maki 6. Idan ta gefe ya bi, maki 1 ne kawai. Babbar gasar ƙasar ita ce AFL.

An haifi Kickett a shekarar 1968 a jihar Yammacin Ostareliya, kuma daga 'yan asalin ƙasar ya fito. Ya yi suna a ƙungiyar Claremont ta birnin Perth, wadda ke buga gasar jiha. A 1990 ya buga wa ƙungiyar Fitzroy ta birnin Melbourne wasa 15. A 1991 ya koma Perth, inda West Coast ta sa shi wasa 2 kacal. A 1992 ya sake tafiya Melbourne, ya yi wa St Kilda wasa 21. A 1993 ya dawo Claremont, sannan a 1994 ya buga wa Essendon ta Melbourne wasa 8.

Ka dubi taswira. Tsakanin Perth da Melbourne akwai fiye da kilomita 2,500, kuma kowace shekara sai ya ƙetara wannan nisa, ya fara sabuwar rayuwa cikin sababbin abokan aiki. Ɗan wasa irinsa ba shi da tabbacin aiki. Idan kakar wasa ta ƙare aka cire sunansa, albashi ya tsaya, sai ya jira wata ƙungiya ta neme shi.

A 1995 aka shigar da sabuwar ƙungiya, Fremantle, cikin AFL. Mai horar da ita na farko shi ne Gerard Neesham, wanda ya horar da Kickett a Claremont, ya kuma san gwanintarsa. Ya ɗauke shi, ya ba shi gurbi a cikin masu tsaron baya. A 1997 aka zaɓi Kickett gwarzon ƙungiyar na shekara. Ya buga mata wasa 135 kafin ya yi ritaya a 2002. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Amma ka lura, bayan haƙuri sai da ya sami wanda ya san inda ya dace a ajiye shi.

Sababbin Kalmomi

turke (jam'i: turaku): itace ko ƙarfen da aka kafa a ƙasa
kacal: kawai, babu ƙari
kakar wasa: watannin da ake buga gasa a shekara
gurbi: wurin da aka keɓe wa mutum
gwarzo: wanda ya fi kowa ƙwazo

Tambayoyi

1. Ta yaya ake samun maki 6 a wannan wasa?
2. Jera ƙungiyoyin AFL 5 da Kickett ya buga wa wasa, tare da shekarunsu.
3. Wasa nawa ya buga a AFL gaba ɗaya?
4. Me ya sa ya daɗe a Fremantle?
5. Rubuta jimla 5 a kan ma'anar karin maganar da ke cikin darasin.